Billen Kakar Inna

Har yau in na ji an kira wani "mai kishin tarihi" sai Alhajin nan na unguwar International City a Dubai ya faɗo mini a rai, sai in ji bakina ya yi ɗaci. Ban yafe masa ba. A coci kullum ana yi mana wa'azin yafiya, ina kuma gyaɗa kai tare da jama'a, amma in aka zo kansa sai in ce a bar ni tukuna.

Ni mutumin wani ƙauye ne a arewacin Katsina, inda in ka saki akuya da safe tana iya yin kiwo a Nijar ta dawo da yamma. Kakanninmu Maguzawa ne, iyayenmu suka shiga addinin Kirista. Na koyar a firamare shekaru masu dama, da albashi ya kasa riƙe gida na koyi gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wadda kowa ke kira esi, na taho Dubai. A garin da zafi ke hana kare fita, mai gyaran esi ba ya rasa abinci. Daga baya matata ta samu aiki a gidan renon yara, muka ɗauko 'yarmu, muka kama ɗaki guda a unguwar Al Nahda, cikin gidan da muke raba kicin da bayi da wasu iyalai biyu.

Yarinyar tana da shekara goma lokacin da ta fara ɗauko littattafan labari daga makarantarsu. Akwai wani iri da take so ƙwarai: yaran Turawa a can wata ƙasa mai nisa, iyayensu sun je sun kafa gari a ƙasar mutane, sun kewaye shi da katako, masu ƙasar kuma suna kawo hari. Na ɗauki ɗaya na duba. Yaran cikin katangar kowa da sunansa, da karensa, da abincin da ya fi so. Masu kawo harin kuwa ba suna, ba uwa, ba uba, a hoto ma daga nesa ake nuna su, baƙi-baƙi a bakin daji. 'Yata tana karantawa tana addu'a kada su shigo.

Wata rana muna cin tuwo ta ce, "Baba, mu ba a taɓa yin yaƙi a garinmu ba?"

Na ce an yi. Na ce mata mu ne ma na bakin dajin. Sai na ba ta labarin kakar Inna, wato kakar mahaifiyata, kamar yadda Inna ta sha ba mu shi muna yara.

Lokacin da Turawan Faransa da na Ingila ke rige-rigen ƙasa, wata rundunar Faransawa ta biyo ta yankinmu ana gab da girbi. Turawan cikinta ba su da yawa, sauran duk baƙaƙe ne irinmu da aka ɗauko daga nesa aka damƙa wa bindiga. Suka ƙone rumbuna, suka ɗaure maza majiya ƙarfi suka ɗora musu kaya, 'yan mata kuma aka kora su gaba don daka da ɗiban ruwa. Kakar Inna ba ta fi shekara bakwai ba, ta riƙe zanin yayarta ta ƙi saki, aka haɗa da ita. Can arewa kurkunu ya kama ta a ƙafa, ta kasa tafiya, suka yar da ita a gindin wata bishiya suka wuce da yayar, wadda ba a sake jin ɗuriyarta ba. Wata mata daga ƙauyen kusa ta tsince ta, ta yi jinyarta, ta riƙe ta tsakani da Allah. Ana nan Turawa suka gama rabonsu, suka kafa duwatsun iyaka, ƙauyen matar ya faɗa hannun Faransa, namu ya faɗa hannun Ingila. Yarinya ta girma a can, ba ta san hanyar gida ba, a gida kuma an riga an yi makokinta.

Sai da ta zama budurwa wani kawunta ya je fataucin kanwa da jakunansa, ya tsaya a kasuwa zai sha fura. Mai furar ta ɗago kai za ta miƙa masa ƙwarya, ya ga fuskarta. Zanen mutanenmu zube ne daga gefen baki zuwa kunne, irin wanda jama'a da yawa ke da shi a yankin, amma namu akwai ƙari: wani ɗan gajeren bille a ƙarƙashin idon dama, mai lanƙwasa kamar ƙugiya, wanda wanzaman ƙauyenmu kaɗai ke yi wa duk ɗan da aka haifa a cikinsa. Shi kawu ya gani a fuskarta. Ya ajiye ƙwarya, ya ɗora yatsa a kan nasa billen. Ita ma ta saki ludayi ta taɓa nata. Haka ta dawo gida a kan jaki, tsakanin buhunan kanwa, matar da ta riƙe ta ta rako su har dutsen iyaka tana kuka.

A ɗakin wannan tsohuwa Inna ta tashi, daga bakinta ta ji labarin, kuma ita ma tana da zanen. Mu da aka haifa a asibitin mishan ba a yi mana ba, an ce zamani ya wuce wurin. Ban yi baƙin cikin haka ba, ban kuma taɓa tunanin sa wa 'yata aska a fuska ba. Amma a duk danginmu da suka rage, fuskar Inna ce ta ƙarshe mai billen nan.

'Yata ta ajiye loma ta ce, "To me ya sa ba a rubuta wannan ba?"

Shi ke nan, tsohon malami ya motsa. Na shiga rubutu a waya, a cikin motar kamfani tsakanin wannan gida da wancan, da kuma ranar Juma'a bayan an tashi daga coci, domin a Dubai ta lokacin Juma'a ce ranar hutu, ita ce Lahadinmu. Da Hausa na rubuta, don yara. 'Yata ce alƙali. In ta ce "Baba, nan ya yi tsawo," sai in yanke ba musu. Hotuna kuwa wata 'yar Filifin ce ta zana mini, cocinmu ɗaya, tana aiki a shagon masu rubuta allunan talla a unguwar Satwa. Ta nemi hoton Inna, ta ƙura masa ido, ta tambaye ni ko lanƙwasar tana kallon hanci ne ko kunne. Da buroshi ta yi su a kan takarda mai kauri. Ranar da ta miƙo mini hoton kasuwar nan, na tsaya a bakin shagon, tsakanin teloli da masu sayar da maɓalli, ina ta kallonsa. Inna ce sak, tana budurwa.

Na kira gida na ce, "Inna, zan sa kakarki a littafi, ki gan ta da idonki."

Inna ba ta yi boko ba, hoto ne karatunta. Ga shi yanar ido ta fara kama ta, abin da ke cikin waya ba ta ganinsa sai dishi-dishi, sai dai abin da ta riƙe a hannu ta kawo dab da hanci. Ta yi dariya ta ce, "To ka hanzarta, ɗan nan, kafin idon ya rufe ƙofa." Tun daga ranar abin da na sa a gaba ke nan, littafin ya isa hannunta tana iya gani.

A nan Alhaji ya shigo. An tura ni gyaran esi a ofishinsa, kusa da babbar kasuwar 'yan Sin. Mutumin tsallaken iyakarmu ne, ɗan Nijar, ya yi karatun Faransanci mai zurfi in ji shi, yana loda tayil da fitilun sola da wayoyi a kwantena yana aikawa gida. Na zauna da 'yan Nijar da yawa a Dubai, na ci abincinsu, na ga amanarsu, don haka ba zan ɗora musu alhakin Alhaji ba. Irinsa kowace ƙasa tana da nata. Turarensa ke riga shi shiga ɗaki. Wayoyi uku ne a gabansa, yana amsa biyu a lokaci guda, yana yi wa ta ukun tsawa. Bayan kujerarsa akwai kanta cike da manyan littattafan Faransanci masu ruwan zinari a gadon baya, da na hau tsani na ga rabinsu ba a ko yage ledarsu ba.

Daga kan tsanin ne kuma na ga fuskarsa da kyau, hasken taga ya faɗo mata. Kumatunsa suna da wani irin sheƙi layi-layi, kamar bangon da aka yi wa faci fentin bai dace ba. Daga baya direbansa ya gaya mini Alhaji ya daɗe yana zarya asibitin fata ana goge masa zanen gidansu da na'ura. Fuskarsa ce, ya yi yadda ya ga dama da ita, ban ga abin magana ba.

Da ya ji Hausata ya tambayi garinmu. Na faɗa, ya tashi ya rungume ni da maiƙon hannuna da komai. "Mon frère, ɗan'uwana! Ai mu ɗaya ne, Bature ne ya raba mu." Maganar gaskiya ce, sai dai ta faɗa bakin da bai dace ba. Daɗin rungumar ya sa na saki baki na ba shi labarin littafin.

"Voilà!" ya ce, ya buga tebur. "Abin da nake nema ke nan. Ina da fondation, wato gidauniya, Malam, ina raba wa makarantu kaya. Tarihi shi ne rayuwata. Ka kawo, a Sin zan buga maka shi, takarda mai ƙyalli, da launi, khalas, shi ke nan."

Da na gaya wa matata ta taɓe baki ta ce mutumin da ya rungume ka ranar farko, ka riƙa duba aljihunka. Ni kuwa na riga na zaga maɗaba'u a Sharjah da ke maƙwabtaka da Dubai na ji abin da ya fi ƙarfina, ga idon Inna yana ta ja baya. Na ɗauki rubutu da hotuna na kai masa.

Sai da na zauna a benci na ji lacca tukuna. Alhaji ya tara yaransa masu loda kaya, yana tsaye a gabansu yana bayanin yadda Bature ya sace mana tarihi ya bar mu ba mu san kanmu ba. Rabin bayanin da Faransanci yake yi, su kuma yaran ba sa ji, suna ta cewa "Haka ne, Patron," idonsu a kan agogo. Da ya gama ya share gumi ya kira ni ciki.

Ya karɓi rubutun ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya ajiye ya ɗora waya a kai. Ya ce abu ɗaya ya rage, littafin yara yana buƙatar jarumi, kuma an yi sa'a kakansa ya gwabza da Faransawa da takobi. Na tambaye shi a wane gari. Ya yi nuni da hannu ta taga, can wajen kasuwar 'yan Sin, ya ce, "Can, can arewa." Na ce ranka ya daɗe, littafin nan na yarinya ne da aka yar a gindin bishiya, babu gurbin takobi. Na zaci zai yi fushi, sai ya ƙyalƙyale da dariya ya ce rubutu nawa ne, shi ba ya shiga aikin malamai.

Hotunan ne ya daɗe a kansu. Yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, fara'arsa tana raguwa.

"Mai zanen nan ta iya," ya ce. "Amma yaran yanzu fuska propre suke so, mai tsabta."

"Alhaji, zanen fuskar shi ne labarin. In ka karanta za ka gani."

"Zan karanta, inshallah."

Duk wanda ya zauna a Dubai ya san inshallah iri biyu ce. Akwai ta mai tsoron Allah, akwai ta mai son ka tashi ka ba shi wuri. Na san wadda aka ba ni. Sai dai na ɗauka iyakar abin ba zai karanta ba ne, ni kuma ban damu ya karanta ba, ya dai buga.

Sai korona ta zo ta rufe duniya. Aka rufe gidan renon da matata ke aiki, jirage suka tsaya, muka zauna mu uku a ɗaki guda muna jin tarin maƙwabta ta bango. Mai zanen nan aikinta ya tsaya, da aka buɗe hanya ta koma ƙasarsu. Aikin idon da aka shirya yi wa Inna aka ɗage, aka sake ɗagewa. Kowace Juma'a da rana ƙanwata tana riƙe mata waya mu gaisa, kuma ba ta taɓa rufe hira ba sai ta ce, "Ina littafin?" Ni kuma in kira Alhaji, ya ce, "Shwaiya shwaiya, habibi, sannu-sannu, Sin a rufe take." A wannan kam bai yi ƙarya ba.

Mun shiga shekara ta gaba kafin direbansa ya kawo kwali guda ya dire mana a ƙofa. 'Yata ce ta farke shi da wuƙar kicin. Abin da na fara gani bangon baya ne: Alhaji a cikin babbar riga, ya cika shafin, hannu a ƙirji, yana kallon sama. Sunana yana gaba da ƙananan haruffa, sai ka nema. Wannan bai dame ni ba, na san da wa nake hulɗa. Sai na juya wajen yarinyar. Ta buɗe tsakiyar littafin ta tsaya, ba ta juya shafi.

An goge fuskokin. Duka. Kakar Inna, yayarta, mazan da aka ɗora wa kaya, tsofaffin da ke kallon rumbuna suna ci da wuta, kowa kumatu sumul, an ma ɗan haskaka fatar, sun koma irin yaran da ake sakawa a jikin gwangwanin madara. Bindigogin suna nan, wutar tana nan, igiyar da ke wuyan mutane tana nan, duk waɗannan ba su ba Alhaji kunya ba. A shafin kasuwa ga kawu tsaye da yatsa a kan kuncin da babu komai a kansa, ga budurwa ita ma ta dafe nata. Wanda bai sani ba zai ce mutum biyu ne masu ciwon haƙori suka haɗu a wurin fura. A ƙasan hoton kuma ga rubutuna ba a taɓa ko harafi ba, yana bayanin bille mai lanƙwasa.

'Yata ta ɗago ta ce, "Baba, to yanzu da me zai gane ta?"

Washegari da safe ban je aiki ba, na hau bas zuwa International City da littafi guda a hammata. Na same shi yana shan shayi. Ya tashi baki har kunne.

"Ka gani? Qualité! Ko a Paris sai haka."

Na buɗe shafin kasuwa na ajiye a gabansa. "Ina zanen fuskarsu, Alhaji?"

"Ah, wannan. Na sa yaron kwamfuta ya share. Mon frère, ka yi tunani. Littafin nan zai shiga hannun Turawa, masu ba da tallafi, ambasadoji. So kake su ce har yanzu muna sassaƙa fuskar 'ya'yanmu kamar ƙwarya?"

"Ba wanda ya ce a yi wa ɗan kowa zane. 'Yata ba ta da shi. Amma yarinyar nan da shi aka gane ta."

Ya ɗaga gira. "Gane ta? Wa ya gane ta?"

"Kawunta."

"Ah bon? Akwai kawu a ciki?"

Na tsaya ina kallonsa. Littafi ya fi shekara a hannunsa, an rubuta shi yadda ɗan aji huɗu zai gama karantawa kafin a tashi makaranta, ga hotonsa a baya a matsayin uban tarihi, amma bai san akwai kawu a ciki ba. Raini ya cika ni har fushin ya ja baya. Na sha yin fushi da mutane a rayuwa, amma ban taɓa ganin mutum ya ƙanƙance a idona irin na ranar ba.

Na ce, "Alhaji, kai in ka ɓata a kasuwa, da me danginka za su gane ka?"

Na yi zaton maganar za ta soke shi. Ko gezau. Ya zaro katin shaidarsa na Dubai daga aljihu ya kaɗa mini a fuska, yana dariya har da riƙe ciki. "Da wannan, habibi! Zamani ya canza. Ku malamai kun cika son abin da ya wuce."

Na nemi hotunan asali, ya ce suna Sin, wa ya san inda suka jefa su. Na ce to a dakatar da rabon. Ya ce wane rabo kuma, ai kwantena ta daɗe da sauka, littattafai sun shiga makarantu a ɓangarensu da namu, har an yi biki da kujeru da lasifika. Sannan ya gyara zama ya ce akwai abin da ya ɓoye mini don ya faranta mini rai. Ya latsa waya ya juyo mini da ita. Inna ce zaune a kan tabarmarta a ƙofar ɗaki, ta runtse ido saboda rana, an ɗora mata littafin a cinya, ga buhun shinkafa an jingine a gefenta yadda tambarin Alhaji zai fito sosai, ga yaronsa tsugune yana yi wa kyamara murmushi.

"Jiya aka kai mata," ya ce. "Surprise! Uwarka uwata ce."

Na lura a wannan hoton bai sa an goge mata fuska ba. Tsohuwa mai zane kusa da buhun shinkafa tana da amfani a wurin masu ba da tallafi. Ya ce a kawo mini shayi. Na ɗauki littafina na fita ban yi masa sallama ba, ban kuma sake taka ofishin ba. Da esinsa ya sake lalacewa na ce a tura wani.

Ina da kwafin hotunan asali da na ɗauka a wayata, kuma daga baya na wanke su a takarda na nemi mai tafiya gida. Kafin a samu, kafin su isa ƙauye, idon ya rufe. Littafin Alhaji shi ne abu na ƙarshe da Inna ta duba da kyau a duniya, kuma a gabana ta duba shi.

Juma'ar da ta biyo bayan zuwana ofishin ne, da rana. Ƙanwata ta kira ta bidiyo, 'yata ta matso kusa da ni a bakin gado. Inna tana zaune a inuwar rumfa, littafin yana hannunta. Ta tsokani jikarta, "Ƙawata, har yanzu ba ki yi ƙiba ba?" Ta ce in gode wa bawan Allahn nan da ya aiko da shinkafa, Allah ya saka masa. Na ce to. Ta ce ba ta buɗe littafin ba tun da aka kawo shi, ta hana kowa taɓawa, ta fi so ta buɗe ina kallo.

Ta goge hannu a zani ta buɗe, ta kawo shi dab da hanci. Ta ga wutar ta gyaɗa kai. "Ga rumbunan. Haka ta ce, har da hayaƙin." Ta juya ta ga mazan da kaya a ka, ta yi tsaki. Ta juya ta ga bishiyar. Da ta iso shafin kasuwa sai ta tsaya. Ta karkata littafin wajen haske, ta sa yatsa ta murza kuncin budurwar a hankali, ta sake kawo shi kusa.

"Yarinya kyakkyawa," ta ce. "'Yar gidan wa ce?"

"Kakarki ce, Inna."

Sai na ga ta ɗora yatsa a ƙarƙashin idonta na dama, ta sake duba shafin.

"A'a, ɗan nan. Wannan ko kawunta ya gan ta a kasuwa, shan furarsa zai yi ya wuce."

Ta rufe littafin ta miƙa wa ƙanwata, ta ce a adana shi da kyau kada yara su ɓata, ko masu shi za su zo nema.